Manhajar YouVersion da karatun da muke yi tare a ikilisiya

Na kusa shekara ina amfani da wannan manhaja ta Littafi Mai Tsarki, shi yasa nace bari in faɗi yadda na ganta. Wata ikilisiya ce a Oklahoma ta ƙasar Amurka mai suna Life.Church ta fito da ita a 2008, kyauta ce kuma babu talla a ciki. Akwai fassarar Hausa, ni Sabon Rai Don Kowa nake karantawa, kana iya sauke ta a waya ka karanta ko ba data.

Da farko ni ayar rana kawai nake dubawa in tura wa mutane in wuce. Abin ya canza ne da dattijon da ke koya mana ajin almajiranci yace mu haɗu mu takwas mu bi tsarin karatu ɗaya, muka ɗauki Bisharar Matiyu mai surori 28, kullum sura ɗaya, kuma manhajar tana nuna wanda ya karanta da wanda bai karanta ba sannan a ƙarshen karatun ranar akwai wurin da kowa zai rubuta abin da ya samu, to nan fa aikin yake. Rana ta biyar muka kai inda Yesu yace in ka kawo baiko gaban bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana da kai, ka bar baikon ka je ku shirya tukuna. Na rubuta amin kamar kowa. Sai wata mama a cikinmu ta kira ni da yamma tace ɗana, amin ɗin nan naka ya kai wurin wancan ɗan'uwan naka na ƙungiyar mawaƙa kuwa? Wata huɗu kenan bama gaisawa da shi, layi ɗaya muke tsayawa muna waƙa. Gaskiya maganar tayi min nauyi, kwana biyu ina juya ta, amma naje, muka zauna muka yi magana har da hawaye, yau tare muke dawowa daga sujada.

Shi yasa in za ka sauke ta nake roƙonka kada ka yi karatun kai kaɗai. Akwai lissafin kwanakin da ka jera kana buɗewa, yana ƙarfafa mutum amma yana iya sa ka buɗe don kar lambar ta yanke kawai, alhali a Matiyu 28:20 abin da Ubangiji ya ce a koya wa almajirai shine su kiyaye umarninsa, kiyayewa fa. Waya zata tuna maka lokacin karatu, amma ba zata kira ka da yamma ta tambaye ka ba.

Inda ta gaza kuwa, yawancin tsare-tsaren karatun da Turanci suke, kuma tsofaffinmu da yawa basu saba da waya ba, don haka ran Laraba lokacin addu'a muke karanta musu surar da ƙarfi su ma su faɗi nasu. Mako mai zuwa zamu shiga Ayyukan Manzanni, shi ma surori 28 ne, mutum uku sun ƙaru.