Bel ɗin ƙirji ko na'urar takalmi: wanne za ka fara haɗa wa agogonka?

Ɗan'uwa, tunda ka ce ɗaya kawai za ka iya saya yanzu, tsakanin bel ɗin ƙirji mai auna bugun zuciya da 'yar na'urar da ake maƙalawa a igiyar takalmi don lissafin taku, to ka sayi bel. Duka biyun na saya. Bel yana jikina duk ranar da na fita gudu, ita kuwa na'urar takalmin tana durowa, na ma manta rabon da in taɓa ta.

Abin da ya kai ni ga bel tsoro ne. Wata safiya ana sanyi ina 'yar sassarfa, numfashina lafiya lau, har ina iya hira, sai na ga agogo ya nuna 172. Washegari ma haka. Na yi makonni ina rage gudu, ina tunanin ko zuciyata ce ta samu matsala. Ran nan dai na tsaya cak, na ɗora yatsu biyu a gefen wuya, na ƙirga na daƙiƙa 15, na samu 34. Sau huɗu, 136 ke nan. Da na koma gida na duba bayanan gudun a waya, sai ga shi takuna a minti ɗaya shi ne 172. Ashe ƙafata agogon yake ƙirgawa, yana ce mini zuciya ce.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Koren hasken nan da ke bayan agogo fata yake haskawa, yana duba yadda jini ke ƙaruwa da raguwa a ƙarƙashinta. In kana zaune ko kana barci, aikinsa yana kyau. Amma da ka fara gudu, hannu na lilo, agogo na motsi a kan fata daidai da kowane taku, sai ya rikice ya kama wannan ya saki wancan. Sanyi kuma yana tsuke ƙananan jijiyoyin jini na fata, abin da hasken zai gani ya ragu.

Shi bel ba ruwansa da haske. Wutar da zuciya ke fitarwa a kowane bugu yake ɗauka ta fatar ƙirji, irin dabarar gwajin ECG na asibiti. Ba sabon abu ba ne, kamfanin Polar na ƙasar Finland ya fitar da irinsa marar waya tun 1982. Nawa Polar H10 ne. Ranar farko da na ɗaura shi na yi zagayen mita 400 da ƙarfi, ina kallon lambar tana hawa cikin daƙiƙu kaɗan, ina tsayawa ta fara sauka tare da numfashina. Na wuyan hannu sai na kusa gama zagayen yake farga. Abin da ya fi yi mini amfani ma shi ne ya tona mini asirin ranakun da nake kira na hutu: ina cewa a hankali nake tafiya, alhali bugun yana 155. Na danne zuciya na koma ƙasa da 140, ko da mutane na wuce ni. Bayan wasu watanni, hanya ɗaya, sauri ɗaya, sai ga bugun ya sauko da kusan goma. Wallahi ranar na ji daɗi ƙwarai, don na ga da idona cewa wahalar ba ta tafi a banza ba.

Yana da 'yar hidimarsa. Ka jiƙa wurin robar da ke taɓa fata kafin ka ɗaura, in ba haka ba mintunan farko lambobi za su yi ta tsalle har sai ka yi gumi. In ka dawo, ɓalle ƙwayar, wato 'yar na'urar da ke ɗauke da batir, daga jikin bel ɗin don kada batir ya zuƙe, ka ɗauraye ƙyallen, saboda gishirin gumi ne ke kashe shi. Batirin irin mai faɗin nan ne kamar kwabo, CR2025, wasu kuma CR2032 suke ci. Ƙyallen yakan gaji kafin ƙwayar, kuma ana sayar da shi daban.

Na'urar takalmi kuwa, ba zan ce ba ta da amfani ba. In a kan injin gudu kake yawan motsa jiki, ko tsakanin dogayen gine-gine inda GPS ke ruɗewa, za ta ba ka sauri da nisa fiye da agogo. Tawa dai sai da na daidaita ta a filin tsere, ina canza takalmi lissafin ya goce. Yawan taku kuma agogonka ya riga yana ƙirga shi da kansa. Masu Stryd, wata irin na'urar takalmi, suna yabonta, amma wannan ta waɗanda suka yi nisa ce. Kuma in agogonka Garmin ne, bel irin HRM-Pro zai haɗa maka bugun zuciya da bayanan taku a abu ɗaya.

Kafin ka ba da kuɗi, duba yaren da agogonka ke ji. Biyu ne: Bluetooth da ANT+. Apple Watch Bluetooth kaɗai yake ji, wasu tsofaffin Garmin kuma ANT+ kaɗai. H10 yana yin duka biyun. Sannan ba kowane agogon da ke karɓar bel ne ke karɓar na'urar takalmi ba.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa: ka yi hattara da masu sayarwa. Duk wanda ya ce maka "yana aiki da kowane agogo" bai ma tambayi wane iri ne naka ba, kuɗinka yake so. Akwai jabu cikin kwali mai kyau, akwai na hannu da aka goge aka ce sabo ne. Buɗe murfin batir ka duba tsatsa, ka duba maɓallan biyu da ke haɗa ƙwayar da ƙyallen ko akwai farin gishiri a jikinsu. Ka haɗa shi da agogonka a gabansa, ka ɗaura, ka ƙirga bugunka da yatsa ka gwada da abin da ya nuna. In ta intanet ne, kada ka saya sai inda aka yarda ka mayar.

In kuma bel ɗin ya nuna bugu mai yawa kana kuma jin jiri, ko ciwon ƙirji, ko numfashi na sarƙewa, kada ka ɗora wa na'ura laifi. Dakatar da gudun ka je ka ga likita.