Superdickery, inda ake yi wa Superman tonon silili

Wanda bai san shafin intanet na Superdickery ba, aikinsu ɗaya ne, su tattaro bangon tsofaffin littattafan zane na Amurka, musamman na kamfanin DC na shekarun 1950 zuwa 1960, su manna jimla ɗaya ta shaƙiyanci a ƙasa shikenan. Abun da ya sa nake son shi kuwa bangon nan duk na gaske ne, ba su taɓa zanen ba, haka aka buga su aka sayar wa yara a kan senti 10 ko 12.

Duba bangon littafin Jimmy Olsen lamba 30 na 1958, Superman ya ɗauki Jimmy, matashin abokinsa, a matsayin ɗansa, yaro ya kawo masa rigar shan iska kyautar ranar uba, gogan naka ya tsaya ya ƙone ta da hasken idonsa yaro na kallo kamar ya fashe da kuka, wallahi sai ka ce wane irin mugun uba ne wannan. Alhali a cikin labarin na'urarsa ce ta hango masa wai zai halaka ɗansa, shi ne yake ƙuntata masa don ya gudu da kansa. Akwai na 1966 ma inda yake ɗaura wa Jimmy aure da goggon biri, kai jama'a!

Kuma da gangan DC suke yi fa. Zamanin edita Mort Weisinger sau da yawa bango ake fara tsarawa, daga baya a ce marubuci ya nemo labarin da zai dace da shi ko ta halin ƙaƙa, irin dai yadda wasu masu YouTube ɗinmu ke saka hoton kuka da jini ka shiga ka tarar ba komai. Birai kuwa DC sun lura bango mai goggon biri ya fi ciniki, to shafin ma sashe guda ya ware musu, ni nan na fi daɗewa.

Inda masu shafin suka gaza a wurina, yawanci basa gaya maka yadda labarin ya ƙare, za su barka da dariya da tambaya, sai ka je ka nemo da kanka. Sannan wasu barkwancin akwai batsa sosai, ban ba da shawarar a miƙa wa yara waya ba. Sashen farfagandar yaƙin duniya na biyu shi kuma ba dariya a ciki sam, yadda aka zana Japanawa cin mutunci ne tsagwaronsa.

Turanci ne duka amma ko kana jin kaɗan hoton zai wadatar, kuma ba ya cin data kamar bidiyo. Na ba su huɗu cikin biyar, ɗayan na riƙe shi saboda batsar nan.