Kwana a kan ruwan Ha Long

Yaya, ina gaisuwa, a gaida su Inna da yara. Ka ce in faɗa maka gaskiya ko jirgin ruwan nan na yawon buɗe ido da na kwana a ciki ya ci kuɗinsa.

Ha Long wani sashen teku ne a lardin Quang Ninh, arewacin Biyetnam. Daga Hanoi, babban birnin ƙasar, tafiyar awa biyu da rabi ce a mota, tun da aka buɗe sabuwar babbar hanya a 2018. Ruwan kore ne shar, tsibirai wajen 1,600 na dutse a tsaitsaye cikinsa, kowanne da daji a kansa. Tun 1994 UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya.

Kuɗin da yawa, babu ƙarya, amma ya haɗa da motar da ke ɗauko ka, da ɗaki, da abinci, da shiga kogon Sung Sot. Lemo da kofi kaɗai ake biya daban, kuma da tsada. Ɗakin akwai na'urar sanyi, ruwan zafi, da 'yar baranda. Tun wajen biya na ce ba na cin naman alade, don nan kusan ko'ina ana sa shi. Sai ga kuku ya zo da kansa ya nuna mini tukunyar da ya ware mini, ya yi mini kifi da jatan lande da shinkafa. Sallah kuwa, da yake jirgin yana juyawa a hankali bayan an jefa anga, alƙiblar magariba daban, ta asuba daban, sai ka duba waya kowane lokaci.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsari. Kafin a tashi an rubuta sunan kowa da lambar fasfo. Ƙaramin jirgin da ke kai mu gaɓa ba ya motsawa sai kowa ya ɗaura rigar ruwa mai hana nutsewa, har yaro na goye da tasa. Idan guguwa ta taso, hukumar tashar ke hana fita, a mayar maka da kuɗinka ko a sauya rana. Duk da haka a Yulin 2025 iska ta kife wani jirgin yawon yini, mutane da dama suka rasu. Allah Ya kyauta. Na tuna kwale-kwalen da muke shiga ranar kasuwa a Yawuri, mutane da buhuna da awaki, ba wanda ya san adadinmu, rigar ruwa ko ɗaya babu. Raina ya ɓaci ƙwarai, don rigar nan ba wata tsada gare ta ba.

Wurin ma da nasa aibin. Jirage sun yi yawa, kogon cike yake maƙil, kuma ko da aka hana robar sha-ka-yar a 2019, har yanzu za ka ga shara tana yawo.

In Allah Ya kawo ka sayen kaya, ka daidaita zuwan da Oktoba ko Nuwamba. Yuli da Agusta lokacin guguwa ne, ana yawan soke tafiya.