Cloudflare Tunnel a kan tsohuwar kwamfutar tebur a Agege: yadda na same shi

Shafin intanet na sana'ar kawuna yana zaune ne a ƙarƙashin teburi a ɗakina a Agege, cikin wata ƙaramar Dell OptiPlex 'yar tokumbo da na saya a layin Otigba na Computer Village a Ikeja. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne wani sabis na kamfanin Cloudflare mai suna Cloudflare Tunnel. A kansa zan yi magana, domin 'yan uwa daga Mile 12 har Idi-Araba suna ta tambayata yadda aka yi, wasu kuma sun ɗauka hanya ce ta rabuwa da biyan kuɗi gaba ɗaya.

Kawu ɗan sari ne a kasuwar Mile 12, albasa da tattasai da attaruhu. Yawancin albasarsa daga Aliero take zuwa. Masu sayensa da dama masu gidajen abinci ne a Ikeja da Surulere da Lekki, waɗanda ba za su iya kutsa cunkoson hanyar Ikorodu kullum don kawai su ji farashi ba. A da, tun bayan sallar asuba wayarsa ba ta hutawa, kowa tambayarsa ɗaya: nawa buhu yau? Shafin wannan tambayar yake amsawa. Farashin ranar, hotunan kayan da aka sauke daga mota, da lambar da za a kira. A bayansa kuma akwai ɓangare na biyu, littafin bashi, wanda ni da Kawu da babban ɗansa kaɗai muke buɗewa.

Kafin a gane amfanin sabis ɗin sai an gane inda gizo ke saƙa. Mayar da kwamfutar gida saba, wato kwamfutar da ke riƙe shafi tana miƙa shi ga masu buɗewa, abu ne mai sauƙi: ka sa mata Ubuntu, wani nau'in tsarin Linux mai tafiyar da kwamfuta, ka sa manhajar miƙa shafi irin Nginx ko Apache, ka zuba shafinka. A cikin gida zai buɗe tsaf. Rigimar tana farawa ne lokacin da wani a Lekki yake son shigowa. A ƙa'ida, rautarka, na'urar da ke raba intanet a gida, tana da adireshinta na IP, wato lambar da duniya ke gane ta da ita, sai ka buɗe ƙofa ta 80 da ta 443, waɗanda masu buɗe shafi ke shigowa ta cikinsu, ka nuna musu kwamfutar. To amma adireshin IPv4 duka-duka kusan biliyan 4.3 ne, sun yi wa duniya kaɗan tuntuni. Saboda haka kamfanonin layin waya suna cusa dubban masu saye a bayan adireshi guda, tsarin da ake kira CGNAT. Kamar gidan haya ne mai ɗakuna barkatai da lamba ɗaya a ƙofa: kai kana iya fita aika, amma baƙon da ya zo da lambar gidan kawai bai san ɗakin da zai ƙwanƙwasa ba, mai gidan kuma ba zai nuna masa ba. In kana son sanin ko haka layinka yake, shiga shafin rautarka ka duba adireshin da aka ba ta. Idan ya fara da 100.64 har zuwa 100.127, ko da 10, ko kuma ya bambanta da wanda shafukan duba IP suke nuna maka, to duk buɗe ƙofar da za ka yi aikin banza ne. Nawa layin haka yake. Da na tambayi kamfanin ko za su ba ni adireshi nawa na kaina, sai suka tura ni tsarin kamfanoni, da kuɗin da ko Kawu sai ya gyara zama kafin ya ji.

Dabarar Cloudflare Tunnel ita ce a juya tafiyar. Za ka sa wata 'yar manhaja mai suna cloudflared a kwamfutarka. Ita ce za ta fita ta ƙulla hulɗa da sabobin Cloudflare, ta riƙe igiyar ba ta saki. Duk wanda ya buga sunan shafinka, wajen Cloudflare zai fara sauka, su kuma su biyo da shi ta wannan igiyar zuwa ƙarƙashin teburinka. Ba ka buɗe ƙofa ko ɗaya a rauta ba, adireshin gidanka bai bayyana ba, kuma ko kamfanin layi ya canza maka adireshi sau goma a yini babu abin da ya shafe ka. Tun 2021 suka mayar da shi kyauta. Abin da za ka biya shi ne sunan shafi. Ni na ɗauki mai ƙarewa da .com.ng, waɗanda ƙungiyar NiRA ke kula da su, ana biya da naira shekara-shekara ta hannun dillalan da ta amince da su. Daga nan sai ka miƙa wa Cloudflare ragamar sunan.

Haɗawar ba ta ba ni wahala ba. Suna ba ka layin umarni guda, ka kwafa ka liƙa, ka rubuta sunan shafin da ƙofar da Nginx ke saurare, shi ke nan. Ɗan kwaɗon nan da ke fitowa a gefen adireshi, alamar https, su ne suke bayarwa, ba sai ka bi ta kan sabunta takardar tsaro ba. Sai dai komai da Turanci yake, kuma Turancin masu sana'ar. Wanda bai taɓa zama gaban baƙin allon Linux ba zai buƙaci mai kama masa hannu a ranar farko.

Ta fuskar sauri, ba ni da ƙorafi. Cloudflare suna da sabobi a nan Legas, kuma suna riƙe kwafin hotuna a wajensu, don haka hoton buhun albasa ba ya fita daga ɗakina duk lokacin da wani ya buɗe shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, saboda layin gida ƙarfinsa a saukewa yake, wajen ɗorawa rago ne, shafi kuwa ɗorawa yake yi. Duk da haka ina matse hotunan kafin in sa su. Hoton da wayar yaron Kawu ke ɗauka yana kai megabait 4 ko 5. Ina mayar da shi ƙasa da kilobait 200, kuma har yanzu ana gane albasar ta bushe ko da sauran ruwa a jikinta.

Abin da ya fi burge ni ma wani ne daban, Cloudflare Access, wanda shi ma kyauta ne har mutum 50. Da shi na rufe littafin bashi. Duk mai son shiga sai ya rubuta imel ɗinsa, in yana cikin ukun da na lissafa a aika masa lambar shiga ta lokaci ɗaya. Wanda ba ya ciki ko fuskar shafin ba zai gani ba. Littafin nan yana ɗauke da sunayen mutane da lambobinsu da abin da ake bin su, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya. Ko ba doka, tona asirin mai bashi ba ɗabi'ar kasuwa ba ce.

Yanzu sai wuta, wadda ita ce ainihin labarin duk wanda zai yi wannan a Legas.

Ranar da na nuna wa Kawu akwatin, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "To ɗana, in an ɗauke wuta, farashin ma ɗaukewa zai yi?"

Na ce, "Haka ne Kawu, sai dai in akwai batir."

Ya ce, "To ka daina ce mini kyauta ne. Faɗa mini kuɗin batir."

Da gaskiyarsa. Idan kwamfutar ta mutu, mai buɗe shafin zai ga saƙon kuskure mai lamba 1033, ma'ana igiyar ta tsinke. Idan kuma kwamfutar na kunne amma Nginx ne ya tsaya, 502 zai gani. Na haddace su biyun, don daga lambar nake sanin ko in koma gida ko in gyara ta waya. Ƙaramar UPS irin ta ofis ba ta raba gardama. Batirinta na mintoci ne, an yi ta don ka samu ka kashe kwamfuta cikin mutunci. Abin da ke riƙe mu inbata ce da batir mai 100Ah, wanda dama muna da shi saboda fanka da cajin waya. A lissafi batir irin wannan mai bolt 12 yana ɗauke da wat-awa 1,200, amma in na ruwa ne rabi kawai ya kamata ka ci, in kana son ya yi ƙarko. Sannan ita kanta inbatar tana shan nata rabon ko babu abin da aka jona mata, wani lokaci daidai da abin da kwamfutar ke sha. In ba a kunna komai ba sai kwamfuta da rauta, yakan kai mu sa'o'i 15 ko kusa da haka. In uwargida ta kunna fanka saboda yara, kuma dole ta kunna, lissafi ya canza.

Akwai wani saiti mai suna AC Recovery a BIOS na Dell, wato allon saitin da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta. Ka sa shi a kan kunnawa, ta yadda da zarar wuta ta dawo kwamfutar za ta tashi da kanta. Manhajar cloudflared ita ma ta tashi tare da ita ta sake ƙulla igiyar, ba tare da kowa ya taɓa komai ba. Wannan kam na yaba. Na sha ganin ta yi hakan ina can kasuwa.

Girman kwamfutar shi ne ke yanke hukunci kan riba ko asara. Tawa ƙarama ce, na auna ta tana zaune tana shan kusan wat 12, da rauta su kai 20. A wata ya kama yunit 14 da ɗoriya. Hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta kai farashin Band A, rukunin da aka fi bai wa wuta, naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, daga baya aka sauke shi zuwa wajen naira 209. Da wannan farashin, abin da nake ƙonawa wajen naira 3,000 ne a wata, mu da ba ma Band A ma bai kai haka ba. Amma tsohuwar doguwar kwamfutar nan mai hucin fanka, wadda mutane suke cewa tana ajiye ba ta komai bari a sa ta aiki, tana iya shan wat 60. Yunit 43 ke nan, wajen naira 9,000. Ƙaramar sabar haya a kamfanin DigitalOcean dala 4 ce a wata. Ka buga da canjin yau ka gani da kanka wanne ya fi sauƙi. Janareta kuwa kada ma a kawo zancensa. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, tayar da inji don shafin albasa ya zama abin dariya.

Sabis ɗin kansa yana da iyakoki da ya kamata a sani tun farko. A tsarin kyauta ba za ka ɗora fayil guda da ya wuce megabait 100 ta cikinsa ba, don haka mai son zuba dogayen bidiyon wa'azi ko na biki ya nemi wata hanya. Babu lambar da za ka kira in abu ya cije, sai dai ka karanta bayanansu. Duk abin da ke shiga da fita kuma ta hannunsu yake bi, a wajensu ake kwance ɗaurin tsaron kafin a sake ɗaurewa zuwa gare ka. Wanda bai yarda da hakan ba, wannan sabis ba nasa ba ne. Sannan ita igiyar, ta intanet take bi. A 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku na MainOne da WACS da SAT-3 da ACE suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna ma sun ji a jikinsu, balle akwati a Agege.

Wani abu da na yi ta juyawa shi ne riƙe kwafin shafin farashin kansa a wajen Cloudflare. Ana iya yi, kuma zai sa shafin ya ci gaba da buɗewa na ɗan lokaci ko wuta ta tafi. Amma a harkar kayan gwari, nuna farashin jiya ya fi rashin nuna komai haɗari. Motoci biyu suka makara a hanya, buhu ya tashi kafin azahar; mai gidan abinci ya turo direba da kuɗin jiya, rigima ta tashi. Na bar hotuna kawai a wajensu, na kuma sa rana da sa'ar da aka rubuta farashin da manyan baƙaƙe a saman shafin.

Ita kwamfutar, ɗawainiyarta ta jiki ce. Damshin Legas da ƙurar hunturu suna haɗuwa su yi daɓe a fankarta, kyankyasai kuma suna son ɗumin. Na ɗaga ta daga ƙasa, ina buɗe ta in hure lokaci-lokaci, na cire tsohon faifan mai juyawa na sa SSD, ma'ajiyar da ba ta juyawa. Lokacin ruwan Yuni da Yuli ina jin tsoron tsawa fiye da ɗaukewar wuta. Littafin bashi kuwa kowane dare yana kwafe kansa zuwa wani faifai na waje, ranar Juma'a in kai wa Kawu kwafi ya ajiye a gidansa.

In shafinka rubutu da hotuna ne kawai, GitHub Pages ko Cloudflare Pages za su ɗauke maka shi kyauta, ba batir ba fanka, je can. In kuɗi za ka riƙa karɓa ta shafin, yi hayar saba, kada cinikin mutane ya rataya a kan inbatar ɗakinka. Wanda Cloudflare Tunnel zai yi wa rana shi ne mai ƙaramar kwamfuta mara cin wuta, wanda dama yana da batir ko sola, yana son bayanansa su kwana a gidansa, kuma yana son koyon aikin da hannunsa. Ni a nan na faɗo, kuma a cikin biyar zan ba shi huɗu da rabi.

Shafin farashin dai ina shirin mayar da shi Cloudflare Pages kafin damina mai zuwa, don Kawu ya ƙara masu saye daga Ajah kuma ba ya son jin zancen 1033. Littafin bashi zai ci gaba da zama a ƙarƙashin teburi.