Hattara da masu tallar garin saiwar Echinacea a WhatsApp da Facebook

Jama'a, a yi hattara da wani talla da ke yawo a zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook. Gari ne a ƙulle cikin leda, wai saiwar Echinacea angustifolia ce ta daji, kai tsaye daga Amurka, tana maganin mura da taifot da ciwon sanyi. Sharaɗinsu ɗaya ne, a tura kuɗi tukuna. Babu sunan kamfani, babu adireshi, balle lambar NAFDAC.

Hoton da suke liƙawa a tallar ma ya isa ya tona musu asiri. Echinacea tsiro ne na Arewacin Amurka mai fure shuɗi-ja-ja, tsakiyarsa tudu mai ƙaya, kuma nau'i uku ne ake haɗa magani da su. Angustifolia gajeriya ce, ganyenta siriri ne dogo mai gashi, saiwarta guda ɗaya ce mai kauri da take nutsawa ƙasa kamar karas. A filayen ciyawa na jihohi irin su Kansas da Nebraska take fitowa, tana da jinkirin girma da wuyar noma, shi ya sa ta fi tsada. Purpurea kuwa doguwa ce, ganyenta mai faɗi, gefensa da tsage-tsage, saiwoyinta sirara ne masu yawa a cukurkuɗe. Ita ake shukawa a lambuna don ado, ga ta da araha. To wannan mai faɗin ganyen ce a hoton nasu, amma kuɗin angustifolia suke karɓa.

Ta ukun, pallida, ita ce ta fi rikita mutane, domin saiwarta da ganyenta sun yi kama da na angustifolia. A fure ake rarrabe su: na pallida ya fi kodewa, ganyayyakinsa dogaye ne sirara da suke zubowa ƙasa, ƙurar furen kuma fara ce, ta angustifolia rawaya. Shekara da shekaru ana sayar da saiwar pallida a Turai da sunan angustifolia kafin a farga. Idan ka tauna saiwar angustifolia ta gaskiya, harshenka zai yi zugi ya ɗan mutu, yawu ya taru. Pallida ba ta cika yin haka ba. Sai dai kada a dogara da wannan gwaji, don saiwar purpurea ma tana yi.

Akwai ma abin da ya fi haka muni. Wani tsiro daban mai farin fure, Parthenium integrifolium, an daɗe ana cusa busasshiyar saiwarsa cikin ta purpurea. A shekarun 1980 masanin harhaɗa magunguna Rudolf Bauer da abokan aikinsa a Jamus suka gano cewa wasu sinadarai da aka ce na purpurea ne, ashe daga wannan tsiron suka fito. Masu ɗakin bincike ke nan aka yi wa sakiyar da ba ruwa, ina ga mai saye ta waya? Da zarar an niƙa saiwa ta zama gari, ido ba ya iya bambance ko ɗaya daga cikin huɗun nan.

A Amurkar kanta, wani bincike da aka wallafa a 2003 ya gwada kayan Echinacea 59 da aka saya a shagunan Denver. Guda 6 babu Echinacea a cikinsu ko kaɗan, kuma 31 ne kawai nau'in da ke ciki ya dace da abin da aka rubuta a jikin kwalba.

Ko ta gaskiyar ka samu, ba maganin taifot ba ce. A kan mura ma gwaje-gwajen asibiti ba su nuna wani amfani a zo a gani ba, kuma masu borin jini da ƙurar furanni tana iya tayar musu da ƙaiƙayi ko asma. Mai zazzaɓin da ya ƙi sauka ya tafi asibiti a gwada jininsa.

Wanda duk da haka yake son saye, ya nemi mai cikakken sunan nau'in da ɓangaren tsiron da aka yi amfani da shi a jikin kwali, ya duba lambar NAFDAC a shafin hukumar kafin ya biya. Masu kula da zauruka kuma, don Allah ku riƙa goge wannan talla idan an turo.