Faifan garmaho ko kaset: wanne ya fi riƙe tsofaffin waƙoƙi?

Ga mai neman kalangun Shata ko kuntigin Ɗan Maraya na shekarun 1970, faifai ya fi sauti garau. Sai dai ba ya son zafi: rana ta buge shi ko a jibge shi kwance, sai ya lanƙwashe. A tsaye ake ajiye shi. Dakusasshiyar allura kuma cinye shi take yi.

Kaset ya fi arha da jure kai-kawo, amma duk kwafi sautinsa raguwa yake. Kaset samfurin C60, mai minti 30 kowane gefe, ya fi C90, mai minti 45, ƙarko, don zaren C90 bai kai shi kauri ba. In rikoda na cin zare, galibi robar da ke jansa ce ta yi datti. A goge ta da auduga da sifirit, a naɗe zaren da biro.