Kwalin littattafan Ingila da na saya: an cinye min ranar ɗaurin aure

Duk mai bin masu tallan littattafai a intanet ya ga kwalin nan mai ɗauke da tsofaffin labaran Turawan Ingila guda biyar: Jane Eyre, Pride and Prejudice, Wuthering Heights, Oliver Twist da Great Expectations. Na tura kuɗi, aka ba direba, na karɓa a tasha ba tare da wata matsala ba. Bango sumul, rubutu manya-manya yadda mai tabarau irina take so. Har na fara yi wa mai kayan talla a wurin aiki.

Da Pride and Prejudice na fara, kuma kuɗina ya kusa fita a kansa kaɗai. Littafin 1813 ne, amma Misis Bennet kamar a unguwarmu aka haife ta: 'ya'ya mata biyar, ba ta da zance sai wa zai kwashe su, kuma nawa yake samu a shekara. Da na gane cewa gidan da suke ciki ɗan'uwan mijinta Collins ne zai gaje shi, don ba su haifi namiji ba, sai na daina yi mata dariya. Abin da yake jan ni ga mutanen nan shi ne yadda suke haɗiye magana. Mutum zuciyarsa na tafasa, amma sai ya tambaye ka lafiyar iyali, ya yi zancen ruwan sama, ya sa hularsa ya tafi. Kawaici ne zalla, sai dai nasu da ƙaya a ciki.

Sai na ɗauko Jane Eyre. Ina cikin babi na 25, an yaga mayafin amarya Jane da dare, gobe za a je coci, na juya shafi sai ga ni a wurin da na wuce tuntuni. Wasu shafuka aka maimaita, aka ɗinke su a gurbin babi na 26. Jama'a, babi na 26! Nan ne fa lauya yake miƙewa ana tsakiyar ɗaurin aure ya ce ango Rochester yana da mata da ya aura a Jamaika, tana raye, a kulle a saman bene. Duk abin da marubuciyar, Charlotte Brontë, ta yi ta ginawa tun daga farko a nan yake fashewa. Ni kuwa ban ankara ba sai na tsinci Jane tana shirin barin gidan. A waya na nemo babin na karanta, ina tsaki.

Mai karatu a nan zai iya cewa to me ya yi zafi, ya ƙara aure mana. A Ingila ta 1847, shekarar da littafin ya fito, wannan laifi ne da ake kai mutum kurkuku a kansa, shi ya sa wurin yake da nauyi, shi ya sa kuma rashinsa ya ƙona min rai.

Na yi wa mai kayan magana, na tura mata hoto. Ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, daga kamfani ne." Na ce a canza min. Ta ce sai dai in mayar da kwalin gaba ɗaya, kuɗin mota a kaina. Daga nan ta koma karanta saƙo ba amsa.

Da na duba sauran da idon basira, sai na ga tawadar Great Expectations ta dushe a wasu shafuka, gam ɗin Oliver Twist kuma ya fara saki. Bugun jabu ne, bangon ne ya rufe ido. Wanda zai saya ya sa a buɗe masa kowane littafi a bidiyo, a bi lambobin shafi, kafin ya tura ko sisi.